ƘOFAR BARIKI TA WA CE?

Jawabin da wani mushen lakwal ya yi wa ƴan'uwa ranar kasuwa. Sakataren kowane gari ya karanta shi da ƙarfi saboda waɗanda ba su yi boko ba, kana ya miƙa takardar gaba.

Samari, ku matsa ku ba manya tabarma. Mun san yau kasuwa ta ci, kowa ya gaji, waɗansu ko kaya ba su kwance ba tukuna, saboda haka ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba.

Maganarmu ta yau a kan ƙofa take. Ƙofar bariki, ƙofar majalisa, ƙofar biron magajin gari, watau wuraren da ake yanke abin da za mu biya da abin da za a yi da shi. In talaka yana da kuka, ina doka ta yarda ya tsaya ya yi shi, wace rana, da ƙarfe nawa? Wanda kuma ya ji kukan ya sa a jarida, ko ya faɗa a rediyo, me ke samunsa? Abin da munka zo mu duba ke nan.

Kakanninmu sun san kai kuka ƙofar fada. Ba mu ce zamanin sarakuna aljanna ba ne, dogari da bulalarsa yake yawo. Amma fada a tsakiyar gari take, masallacin Juma'a yana jikinta, sarki in ya fito sai idonsa ya faɗa kan mutane ko yana so ko ba ya so. Da Nasara ya zo sai ya ɗauke mulki ya fitar da shi daga cikin gari. Ku da kunka san Damagaram kun san Birni daban, Zango daban, barikin Nasara daban. Da anka mai da babban birni Yamai a 1926, sai anka ware wa Turawa da birorinsu tudun Filato, anka bar kwarin Gunti Yena tsakaninsu da unguwannin baƙar fata. Can anka gina gidan gwamna, wanda ya zama fadar shugaban ƙasa bayan 1960. Tun ba a rubuta doka ba an riga an auna tazarar da ke tsakanin bakin talaka da kunnen mai mulki.

Sannan takarda ta biyo baya. A Faransa akwai dokar jarida ta ranar 29 ga Yuli 1881, wadda Faransawa ke alfahari da ita har gobe. Farkonta ya ce buga takarda da sayar da ita ba su da shamaki. Ƙarshenta ya ce ta shafi Aljeriya da ƙasashen mallaka. Wanda ya karanta kai da wutsiya sai ya ce madalla. Amma a tsakiya akwai sharaɗi: mai ɗaukar nauyin jarida sai ya zama Bafaranshe mai cikakken haƙƙi. Iyayenmu kuwa a takarda ba ƴan ƙasa ba ne, talakawan Faransa ne, ban da mutanen garuruwa huɗu na Senegal. A 1921 anka ƙara wata oda domin Afirka ta Yamma, wadda ta sa jarida cikin harshen ƴan ƙasa sai da izinin babban gwamna na Dakar. Bayan wannan duk ga dokar andijena, wadda da ita kumandan ke iya jefa mutum kaso har kwana 15, ya ci shi tarar tamma 100, ba alƙali, ba shaida, don kawai ya ce an yi masa maganar raini. Ku lura da dabarar, don za mu riƙa gamuwa da ita har ƙarshen jawabi: layin farko ya ba ka, layi na shida ya karɓe.

Yanzu ku yi haƙuri mu tafi Paris, domin can uwar dokar zanga-zanga tamu ta fito.

Ranar 6 ga Fabrairu 1934, da dare, ƙungiyoyin masu ƙin majalisa da tsofaffin soja sunka cika dandalin Concorde, watau Dandalin Jituwa. Tsakaninsu da majalisar depitoci kogi ne da gada ɗaya. Sunka yi yunƙurin ƙetare gadar, anka buɗe wuta, mutum wajen 15 sunka mutu. Washegari gwamnatin Daladier ta faɗi. Tsoron wannan dare ne ya haifi odar 23 ga Oktoba 1935, zamanin gwamnatin Pierre Laval. Odar ta ce duk mai son jerin gwano a kan titi ya kai takardar sanarwa kwana 3 zuwa 15 kafin ranar, mutum uku su sa hannu, su faɗi wuri da lokaci da hanyar da za a bi. In kuma mai iko da ƴan sanda ya ga abin zai ta da zaune tsaye, sai ya hana. Shi Laval, a watan Oktoba 1945 anka harbe shi saboda ya yi wa Jamus aiki lokacin yaƙi. Mutumin ya tafi, odarsa ba ta tafi ba. Ta yi ta aiki har 2012, lokacin da anka kwashe ta anka zuba cikin sabon kundin dokokin tsaron cikin gida na Faransa.

To, ku ɗauko dokarmu ta Nijar, mai lamba 2004-45, ta ranar 8 ga Yuni 2004, ku aza kusa da waccan. Mu da ke duba takardun yara mun san hannun mai kwafe in munka gan shi. Sanarwa a biron magajin gari, sa hannun mutum uku, wuri, lokaci, hanya, da ikon hanawa in an ga za a ta da zaune tsaye. Abin da ya sake shi ne lissafin kwana: namu 5 zuwa 15. Kwanakin nan kuwa cikakku ne, ba a ƙirga ranar da anka kai takarda, ba a ƙirga ranar fita. Mai son fita Lahadi, sai takardarsa ta shiga biro ran Litinin: Talata ɗaya, Laraba biyu, Alhamis uku, Juma'a huɗu, Asabar biyar. Wanda ya kai ta Talata ya makara, an sami dalilin hana shi ba tare da an taɓa maganar da yake so ya yi ba.

A nan muke so ku buɗe kunne. Doka ta ce sanarwa, ba ta ce neman izini ba, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Mai sanarwa yana cewa: ran kaza za mu fito, ku turo ƴan sanda su tsare mana hanya. Mai neman izini yana cewa: ranka ya daɗe, ko za a yarda mu fito? Na farko ɗan ƙasa ne, na biyu bara ne. Amma da yake an bar wa magajin gari wancan ƙaramin layi na ta da zaune tsaye, sai sanarwa ta riƙa komawa roƙo a hannun masu hatimi. Wa ke auna zaune tsaye? Da wane mudu? Ba a faɗa ba. Ana iya kai ƙara gaban alƙalin gaggawa, kuma akwai alƙalan da sunka soke hani, Allah ya saka masu. Sai dai sau da yawa takardar hani ba ta fitowa sai ana jibi fita ko ana gobe, ga Asabar, ga kotu a rufe. Kafin alƙali ya sa hula, Lahadi ta wuce.

Wani zai ce, to ai laifin waɗanda ke kan mulki ne, ranar da namu sunka hau sai a huta. Ƴan'uwa, wanga zance shi ne ya fi kawo mu nan, domin tarihin ƙasarmu bai yarda da shi ba.

A 1946 ƙofa ta ɗan buɗe. Anka kashe andijena, dokar Hufuwet Buwanyi ta 11 ga Afrilu ta kashe aikin dole, anka ba ƙasashen mallaka damar taro da kafa ƙungiya da buga jarida. Cikin wannan iska anka kafa PPN a Yamai a watan Mayu, anka kafa RDA a Bamako a watan Oktoba. Shekara uku ba ta cika ba sai ga shugabannin RDA takwas na Kodibuwar a gidan kason Grand-Bassam. A watan Disamba 1949 matan jam'iyya sunka taso daga Abijan, tafiyar kilomita wajen 40, da yawa a ƙasa, don su tsaya ƙofar kason. Anka tare su a gada da ruwan famfo da duka. Ranar 30 ga Janairu 1950 anka harbi jama'a a Dimbokro, mutum 13 sunka mutu. Ranar 1 ga Fabrairu gwamnatin Paris ta hana duk wani taron RDA a ƙasashenta na Afirka, har da nan. Ƴan PPN sun sha wannan ɗaci, sun san yadda ake ɗauke malamin lakwal ko akawu a jefa shi ƙarshen ƙasa don ya yi magana a mitin. Amma da mulki ya zo hannunsu bayan ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, me ya faru? Ranar 12 ga Oktoba 1959 anka rushe jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari. Tun ba a sauke tutar Faransa ba ƙasa ta koma jam'iyya ɗaya. Wanda anka hana wa taro a 1950 shi ne ya hana wa ɗan'uwansa a 1959.

Daga nan shekara talatin shiru, na farar hula da na soja. Jaridar kullum ta gwamnati ce, rediyo na gwamnati. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗaliban jami'a sunka taso daga ƙetaren kogi za su shigo gari inda birori suke, anka tare su a gadar Kennedy. Gada kuma. Uku sunka mutu a lissafin hukuma. Jinin yaran nan ne ya tsage shirun: a watan Mayu na wannan shekara jaridar Haske mai zaman kanta ta fito, a 1991 anka yi babban taron ƙasa. Duk wanda ya taɓa riƙe jaridar da ba ta gwamnati ba a ƙasar nan, akwai bashin yaran nan a kansa.

A 2009, lokacin tazarce, Shugaba Tanja Mamadu ya rushe majalisa da kotun tsarin mulki, anka rufe rediyo da talabijin na Dunia a ƙarshen watan Yuni. Su wa ke kan titi suna kiran ƴancin taro a lokacin? Ƴan adawa, Mahamadu Isufu yana gabansu. Bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010, odar 4 ga Yuni ta cire ɗauri daga laifin jarida. Ranar 30 ga Nuwamba 2011, Isufu, yana shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan alkawarin Table Mountain na daina ɗaure ƴan jarida saboda ɓata suna, shi ne shugaba mai ci na farko da ya sa. Duniya ta yi tafi, ƴan jaridar ƙasar nan ma sun yi.

To ku ji abin da ya biyo baya, kuma nan za mu ɗan daɗe, domin nan dabarar ta fito tsirara.

Ranar 12 ga Janairu 2017 magajin garin Yamai ya fitar da oda: ba maci, ba mitin a ranakun aiki, ba kuma da dare. Ku tsaya ku auna. Ba a ce kada a yi zanga-zanga ba. Cewa anka yi a yi ta Asabar ko Lahadi, da rana. A gaban majalisar dokoki ta Yamai akwai fili, sunansa Concertation, watau Dandalin Shawara, can jerin gwano ya saba ƙarewa in ya taso daga dandalin Tumo. Ran Lahadi wa ke cikin majalisa? Mai gadi. Wa ke cikin biron minista? Fanka da kujera. An yarda ka zo ƙofa, amma sai ranar da mai gida ba ya nan. Kamar a ce wa mai bin bashi ya zo duk lokacin da ya so, muddin wanda ake bi ya tafi gona. Sunan fili Shawara, amma an tsara yadda mai ba da shawara da mai karɓa ba za su taɓa haɗuwa ba.

Ko Lahadin ma ba ta tsira ba. A ƙarshen 2017 gwamnati ta kawo dokar kuɗi ta 2018, wadda ta aza sabon harajin gida a kan jama'a, ta kuma yafe wa kamfanonin waya harajin kiran da ke shigowa daga waje. Ƙungiyoyin farar hula sunka yi ta fita, a Yamai da Damagaram da sauran garuruwa. Ranar Lahadi 25 ga Maris 2018 sunka sanar da maci da yamma da zaman dirshan har cikin dare. Magajin gari ya hana, ya ce dare ne, ba a iya tsare jama'a. A ranar anka kama Musa Cangari, da Ali Idrisa, da Nuhu Arzika, da lauya Lirwana Abdurahaman, da mutum wajen ashirin. Shugabannin nan ba a kan titi anka ɗauke su ba. A wannan rana kuma ƴan sanda sunka kewaye gidan rediyo da talabijin na Labari sunka rufe shi, alhali ikon rufe gidan watsa labari a hannun hukumar sadarwa yake, ba a hannun ƴan sanda ba. Bayan ƴan kwanaki alƙali ya ce a buɗe. Su kuwa mutanen, anka rarraba su: Cangari Walam, Arzika Say, Idrisa Filinge, kilomita wajen 180 daga iyalinsa. Ranar 24 ga Yuli kotu ta yanke wa su ukun wata 3, shi ma ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. Ku yi lissafi da mu: sun kwana wata 4 a kaso domin a yanke masu wata 3 da ba za su zauna ba. Hukuncin gaskiya shi ne jiran shari'ar.

Kun ga yadda rufe titi da rufe rediyo sunka zo rana ɗaya. Ba haɗari ba ne. Taron da ba wanda ya ba da labarinsa, mutanen da sunka tsaya kaɗai sunka san an yi shi. Jaridar da ba taron da zai biyo bayanta, takarda ce ta ƙunshe ƙosai. Mai mulki ya san haka, shi ya sa ba ya kama ɗaya ya bar ɗaya.

Ga yadda anka yi da jarida ba tare da an taɓa odar 2010 ba. A watan Yuli 2019 anka yi dokar laifuffukan intanet. Ta ce ɓata suna ta hanyar na'ura ɗauri ne na wata 6 zuwa shekara 3, da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa. Ta kuma hukunta yaɗa abin da ka iya ta da zaune tsaye, ga tsohon layin ya sake dawowa cikin sabuwar riga. Watau magana ɗaya, in ɗan jarida ya buga ta a takarda ba a ɗaure shi, in ya sa ta a Facebook sai kaso. A zamanin da kowa a waya yake karatu, wane ɗan jarida ne ba ya sa labarinsa a waya? Ranar 10 ga Yuni 2020 anka kama ƴar jarida Samira Sabu saboda rubutu a Facebook game da binciken kuɗin ma'aikatar tsaro, bayan ɗan shugaban ƙasa ya kai ƙara. Ta yi kwana 48 a kaso, ranar 28 ga Yuli kotu ta sallame ta, ba laifi. Wa zai biya ta kwana 48?

A 2022, zamanin Shugaba Bazum Mohamed, anka cire ɗauri daga ɓata suna da zagi a wannan doka. Mun faɗa don gaskiya ce. Amma a watan Agusta na shekarar anka hana macin ƙungiyar M62, sai a 18 ga Satumba anka bar su sunka fita. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 abin ya juye. Dubban mutane sunka yi ta kwana a shataletalen Eskadiri, bakin sansanin sojan Faransa, dare da rana, ranar aiki da ranar hutu, ba wanda ya ce dare ne ba a iya tsare jama'a. Mu ba za mu yi kukan tafiyar sojan baƙi daga ƙasarmu ba, kowa ya san haka. Amma ido ba mudu ba ne, ya san ƙima: a daidai lokacin an dakatar da aikin jam'iyyu, ranar 3 ga Agusta an toshe RFI da France 24, a watan Janairu 2024 an dakatar da Gidan Ƴan Jarida na Yamai. Odar 7 ga Yuni 2024 ta mai da ɗauri, har ta ƙara: shekara 1 zuwa 3 don ɓata suna ko zagi, 2 zuwa 5 don abin da ka iya ta da zaune tsaye. A watan Disamba 2024 anka dakatar da BBC wata 3, wadda da yawanmu da Hausa munka saba jin ta, kuma ranar 3 ga watan anka sake kama Musa Cangari. A watan Maris 2025 anka rushe jam'iyyu duka, wanga kuwa ba sai mun yi maku bayaninsa ba. Ashe ƴan sanda suna iya tsare taro da dare. Abin da ake dubawa shi ne wace ƙofa taron ya nufa.

Yanzu mu ba mai hatimi haƙƙinsa, don kada a ce mun yi shari'a da mutum ɗaya. Yana cewa taro wuta ne, kuma ba ƙarya yake ba. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, a Damagaram da Yamai, taro ya ƙone coci-coci masu yawa, mutum 10 sunka mutu. Wannan abin kunya ne, na maƙwabci a kan maƙwabci. Ranar 29 ga Oktoba 2017 waɗansu sunka ɓalle daga mitin na Tumo sunka nufi majalisa, anka ƙona tayoyi, ƴan sanda sama da ashirin sunka ji rauni. Ranar 27 ga Yuli 2023 taro ya cinna wa cibiyar jam'iyyar PNDS wuta. Ranar 15 ga Maris 2020, wajen tarwatsa macin da anka hana, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, mutum aƙalla 3 sunka mutu, ƴan kasuwa irinku sunka yi hasarar dukiya. Ba wanda ke zaune nan da ke son a ƙona masa rumfa. Ƙasa mai yaƙi a kan iyakokinta kuma tana da abin tsoro na gaskiya.

Amsarmu ita ce, ƙone-ƙone da duka da fashi duk suna da dokarsu tun tuni, a kama wanda ya yi, a kai shi gaban alƙali da shaida. Aikin kwana biyar ɗin nan na sanarwa ke nan, ƴan sanda su shirya, su zauna da mutum ukun da sunka sa hannu, a ce ku bi nan, ku bar ƙofar asibiti, ku tsaya taki kaza daga bakin ƙofa. Wannan tsari ne, mun yarda da shi, mu ma a lakwal ba mu barin yara su fito aji gaba ɗaya ta ƙofa ɗaya. Amma mu ba mu taɓa kulle ƙofar don kada wani ya faɗi ba. Kuma ku duba: masu ƙone-ƙonen 2015 ba su kai takarda biron kowa ba. Waɗanda sunka kai takarda, ƴan adawa masu maci ranar 18 ga Janairu, su anka hana, anka kama wajen 90. Hani kan faɗa kan wanda ya rubuta sunansa, mai ashana ba ya sanarwa.

Saura abu mai nauyi, wanda ya shafe mu mu da kanmu. Kowane ɗayanmu in ya ji an hana abokin hamayya taro, akwai ɗan daɗin da ke ratsa zuciyarsa. Kada mu ɓoye, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan ɗan daɗi shi ke ciyar da dokokin nan. Ƴan 1959 sun ji shi, ƴan 2018 sun ji shi, kuma dukansu sun rayu sun ga an juya masu takardar da sunka bari a aljihun tebur. Saboda haka duk wanda ya zo garinku neman goyon baya, ko namu ne, ko ɗan wanmu ne, kada ku tsaya ga rijiya da hanya da takin zamani. Ku tambaye shi gaban jama'a: ranar da hatimi ya zo hannunka, za ka yarda waɗanda ba su son ka su tsaya ƙofar birorinka ran Talata da hantsi, kana ciki? Za ka cire layin ta da zaune tsaye, ko ka sa a faɗi ma'anarsa ƙarara? Za ka sa takardar hani ta fito da wuri yadda alƙali zai iya dubawa kafin ranar fita? Za ka cire ɗauri daga magana, ta takarda da ta waya? In ya ce ai wannan sai an zauna an duba, ku rubuta cewa haka ya ce, da ranar da ya faɗa.

Rubutun nan shi ne aikin da za mu bar maku. Kowane gari, Tasawa, Madawa, Ƙonni, Magariya, Dogon Dutsi, a sayi kaye ɗaya mai bango mai ƙarfi, a ba wanda hannunsa ke da kyau. Duk taron da anka hana a garin, namu ko na wasu, ko na ƴan kasuwa ne a kan kuɗin rumfa, ko na mata a kan famfo, a rubuta rana, da wanda ya sa hannu, da dalilin da ya bayar, da ranar da takardar hani ta iso. Duk wanda ya kai takarda biro ya karɓi rasit mai hatimi da kwanan wata, kada ya yarda da "ka dawo gobe". In an kama mai ba da labari na rediyon garinku, a rubuta ranar shiga da ranar fita, a kuma kai wa iyalinsa hatsi ko da ba ku taɓa shiri da shi ba. A rubuta gaskiya tsab, ba ƙari, in samarinmu ne sunka fara jifa a rubuta haka. Kayen da ke da ƙarya guda ba lauyan da zai iya ɗaga shi a kotu.

Kuɗin kaye da alƙalami, ma'aji zai zagaya da ƙwarya bayan an tashi, dala biyar ma ta isa. Magariba ta gabato. Mai tambaya ya ɗaga hannu, dattawa tukuna, sannan iyayenmu mata.